Hamadi Direba da Kwamfutoci Huɗu

Duk wanda ya yi zaman Arlit a shekarun da nake magana ya san Hamadi direba. In bai san sunansa ba, ya san kamyonsa, wata tsohuwar babbar motar kaya koriya da ake ɗaure ƙofarta da igiya. Ni maƙwabcinsa ne shekara da shekaru. Sunana Zayyadu, mutumin Damagaram. Aikin wayar lantarki ya kawo ni kamfanin ma'adinai, da kasuwar yuraniyom ta faɗi aka rage ma'aikata, aka haɗa da ni. Kunyar komawa gida hannu rabbana ta sa na kafa rumfar gyaran rediyo da talabijin a bakin kasuwa, daga baya har da kwamfuta in ta samu. Ina nan har yau. Na gaji da garin nan, garin ma ya gaji da ni, amma an rasa mai sakin wani.

Hamadi mutumin Gugaram ne, ɗan makiyaya. Farin tamanin da huɗu ne ya koro shi gari, bayan raƙuman ubansa sun kwanta ɗaya bayan ɗaya. Ya shigo Arlit da rawaninsa da butar shayinsa, ya koyi tuƙi, ya yi wa mutane aiki har ya mallaki tasa. Albasa, dabino, taliya, awaki, mutane, babu abin da kamyon nan ba ta ɗauka ba tsakanin Agadas da bakin iyakar Aljeriya. A tawayen Abzinawa na farko soja su tare shi don Ba'abzine ne, 'yan tawaye su tare shi don yana da mota. Haka ya ratsa, gaba kura baya siyaki, bai taɓa ba kowa labarin abin da ya gani ba. Hausarsa kuwa irin ta mutanen Abzin ce, ba ruwanta da mace da namiji, mota ma “shi” ce a bakinsa.

Hamadi yana da aƙida guda, kuma ita ce ta kai mu inda ta kai mu. A jikin ƙofar kamyonsa akwai ɗan ƙarfe da aka rubuta tan goma. Kusan shekara ashirin yana ɗora mata ninkin haka, sannan mutane su hau bisa kaya da jarkokinsu. Ba shi kaɗai ba, duk direbobin hanyar nan haka suke. A wurinsu duk lambar da Nasara ya rubuta a jikin inji, tsoro ne ya rubuta ta. In ya ce goma, ashirin yake nufi. In ya ce a sake mai bayan kaza, a ninka. Hamadi yakan buga ƙarfen nan da tafin hannu ya ce, “Nasara jarumi ne wurin ƙira, matsoraci ne wurin rubutu.” Kuma abin haushin, motar ba ta taɓa ƙaryata shi ba.

'Ya'yansa mata sun yi aure sun watse. Namiji ɗaya gare shi, Sidi, wanda ya yi lakwal, wato karatun boko, har Agadas, ya dawo da takarda yana da shekara ashirin da biyu. Ya kai takardar nan ƙofar kamfani har masu gadi suka haddace sunansa. Shiru. Sai zaman fada, wato inda samari ke taruwa su dafa shayi su kashe rana. Ana haka tawaye na biyu ya tashi. Aka dasa nakiyoyi a hanya, mota ba ta fita sai cikin konbuwa, ayarin da soja ke rakawa. Kasuwa ta mutu murus. Samarin fadar su Sidi suka fara raguwa, yau a ce wane ya tafi duba dabbobi, gobe a ce wane ya tafi gaida kaka. Kowa ya san dutse suka hau, wurin 'yan tawaye, babu dai mai faɗa.

Dassin, uwar Sidi, ita ce ta fara ganin alama. Ta ga ɗanta ya sayi takalman tafiya, ta ga wani ɗan ƙanenta yana zuwa yana jan sa gefe. Ta ce wa Hamadi ya nemi abin da zai ɗaure yaron nan a gari, ko mene ne. Daga ranar nan abin da ke gaban Hamadi guda ɗaya ne, kar Sidi ya hau dutse. Ya sayar da kamyon. Na rantse ranar da aka tafi da ita bai fito ya kalla ba.

Shi Sidi yana da abin da yake so, kuma ba shirme ba ne. A Agadas ya ga inda ake ajiye kwamfuta, samari su biya su buga wasan ƙwallon ƙafa a kanta, mutum biyu kowa da manet, abin nan da ake riƙewa a hannu ana danne-danne. A Arlit babu ko ɗaya a unguwarmu. Ya samo faifan wasan wurin wani ɗan kasuwa da ya shigo da kaya daga arewa, cikin kwalinsa. Dabararsa ita ce a sayi kwamfuta ɗaya mai ƙarfi daga Agadas, a haɗa ta da babbar talabijin, a riƙa shirya gasa unguwa da unguwa.

To, ga inda al'ada ta shigo. A gidajensu ɗa ba ya zama gaban uba ya yi ta zuba bayani, balle ya ja da shi. In uban ya shigo, ɗan ya ja amawalin rawaninsa ya rufe baki, ya sunkuyar da kai. Magana mai nauyi sai ta bi ta bakin wani. Wanin nan kuwa ni ne. Sidi ya zo rumfata da kwalin, ya tsuguna, ya nuna mini bayansa da yatsa.

“Baba Zayyadu, ka ga layi biyun nan? Don Allah ka faɗa masa na dama muke so. Ba na hagu ba. In na hagu ne gara a bari.”

Na ce ya kwantar da hankalinsa, ai wannan aikina ne.

Ashe Hamadi ya riga ya ji wani labari. Wani ƙaramin kamfani na 'yan kwangila yana tattara nasa-ya-nasa zai bar gari saboda tawaye, yana sayar da kayan ofis. Akwai tsofaffin kwamfutoci huɗu da sakatarori suka yi shekaru suna buga wasiƙu a kansu. Abin da zai sayi mai ƙarfin nan guda ɗaya, zai kwashe huɗun duka har da teburansu. Ya ja ni muka je na duba. Na buɗe cikinsu, na hure ƙura, na rubuta abin da kowace ke da shi. Muka dawo rumfata, na ɗauko kwalin, ya zauna a kan benci ya ce in karanta masa.

Na ce, “Ka ga an rubuta layi biyu da Faransanci. Na hagu shi ne mafi ƙanƙantar abin da kwamfuta za ta mallaka kafin wasan ya yarda ya buɗe. Na dama shi ne abin da masu wasan suka ba da shawara a samu, in ana so ya tafi yadda suka yi shi.”

“Me da me suke nema?”

“Abu uku. Saurin injin da ke ciki. Sai memwar, wato filin da take baza aikinta. Sai katin hoto, shi ke zana 'yan wasa da fili da ƙwallo. Na hagu ya ce memwar mega ɗari biyu da hamsin da shida. Na dama ya ce ninkin haka sau huɗu. Katin hoto ma haka, tazarar da nisa.”

“Waɗannan huɗu, ina suka faɗa?”

“A hagu. Cif-cif, ko gashi babu a kai. Katin hotonsu ma ba nasu ba ne na kansu, a jikin memwar yake ɗiba.”

Sai ya yi murmushin nan nasa na direba. “To ai ya kai.”

“Ya kai ya buɗe, Hamadi. Buɗewa daban, tafiya daban.”

“Malam Zayyadu, wa ya rubuta takardan nan? Ba Nasara ba? In ya ce na hagu ya isa, to rabin na hagu ma ya isa. Na dama, talla ne. So yake ka sayi sabo.”

Na ce masa wannan ba ƙarfen kamyo ba ne. A mota, mai ƙira yana rage lamba don kar ta karye a zage shi. A nan kuwa akasin haka ne, mai wasan yana sassauta layin hagu ne don mutane da yawa su ga kamar tasu ta kai, su sayi faifan. Kuma wanda ya auna, a ɗaki mai sanyi ya auna, da sabuwar na'ura, ya rage kyan hoton har ƙasa. Ba a ɗakin kwano a Arlit ba, da na'urar da ta sha ƙura shekara shida.

Ya girgiza kai. “Huɗu, mutum takwas ke nan suna wasa. Ɗaya, mutum biyu, sauran suna tsaye. Wane direba zai fita da kujera biyu alhali ga takwas?”

Raina ya fara ɓaci. Na ce, “To ruwa fa? Ka taɓa shiga sahara da ruwan da zai kai ka cif-cif?”

“A'a. Ruwa rai ne. Wannan wasa ne.”

Muka yi ta yi har la'asar. Daga ƙarshe ya tsare ni da ido ya ce, “Tambaya ɗaya. Zai tashi ko ba zai tashi ba?”

Nan ne na yi abin da har yau yake cina. Na gaji. Rana ta dafa ni, tun safe ban ci komai ba, ga mutum ya kafe kamar turke. Kuma, Allah na tuba, wani ɓangare na zuciyata ya hango aikin haɗa kwamfuta huɗu a lokacin da rumfata ke kwana ba ciniki. Na ce, “Zai tashi.” Ban yi ƙarya ba. Amma maganar da Sidi ya ba ni amana, cewa in na hagu ne gara a bari, ban faɗe ta ba. Na ga kamar rashin kunya ce a kai wa uba irin wannan daga bakin ɗa, na haɗiye ta.

Da aka shigo da kwamfutocin a amalanke, Sidi yana tsaye a ƙofar shagon da suka kama. Ya dube su, ya dube ni, ya ja amawali. Uban kuwa sai fara'a yake, yana ta nuna inda za a ajiye kowace. Ya ce da ni, yadda ɗan zai ji, “Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.” Sidi ya sa hannu aka sauke kaya.

Ranar buɗewa shago ya cika har waje. Na saka faifan, wasan ya buɗe, kiɗa ya tashi, tutoci suka fito. Hamadi ya dube ni kamar ya ci ni da yaƙi. Aka zaɓi ƙungiyoyi, alƙali ya busa.

Kai, ban taɓa ganin ƙwallo irin wannan ba. Ɗan wasa ya ɗaga ƙafa ya tsaya a haka, kamar an ɗauke shi hoto. Can sai ka gan shi a wani wuri. Ƙwallo tana tsakiyar fili, ka ƙifta ido tana cikin raga, babu wanda ya ga yadda ta shiga. Mai manet ya danna hagu, sai bayan ya haƙura ɗan wasan ya juya. Na shiga cikin saitin na rage komai. Na cire 'yan kallo, na cire inuwa, ciyawa ta koma kamar koren fenti, fuskokin 'yan wasa suka zama kamar dankali. Ya ɗan motsa. Da safe ana iya lallaɓawa. Amma da rana ta take, kwano ya ɗau zafi, fankokin cikinsu su riƙa kuka kamar injin niƙa, wasan ya koma rarrafe, sai ɗaya ta ɗauke ɗif ana tsakiyar bugun fanareti.

Samarin Arlit ba su da aiki amma suna da baki. Kafin mako ya zagayo sun raɗa wa shagon suna Konbuwa, wai tafiya kaɗan tsayuwa da yawa. In Sidi ya wuce fada sai wani ya ce, “Patoron mai shago, yau ƙarfe nawa ayari zai tashi?” A fashe da dariya. Shi ma ya yi dariyar, irin wadda ba ta kai ido ba. Waɗanda suka zo makon farko ba su dawo na biyu ba. Kujeru takwas ɗin nan da Hamadi ya ƙirga, ƙuda ne ke zama a kansu.

Hamadi bai yarda an kayar da shi ba. Ya ce inji ne, kuma duk inji yana da magani. Ya sa na yi abin da ake yi a gareji, a yanka mota ɗaya a raya wata. Na cire memwar wannan na cusa wa waccan. Ɗaya ta karɓa, biyu suka ƙi don ba irinsu ɗaya ba. Katin hoto kuwa a manne yake, ba ya ciruwa, ba ya ƙaruwa. Muka koma da na'ura uku, ɗaya mai ɗan dama-dama, biyu guragu.

Wata rana da azahar na leƙa, na tarar da abin da ya kusa tsayar mini da zuciya. Direbobin hanyar nan suna naɗe jarkar ruwa da buhu, su jiƙa shi, iska ta buga ruwan ya yi sanyi. To Hamadi ya jiƙa buhu sharkaf, ya lulluɓe kwamfuta da shi tana kunne.

Na daka tsawa, “Hamadi! Kashe mu za ka yi?”

“Zafi yake ji. Ina sanyaya shi.”

“Wuta ce a ciki, bawan Allah! Wuta da ruwa!”

Ban rufe baki ba muka ji tas, wari ya tashi. Saura biyu. Sidi yana zaune a lungu, ya ga komai. Ya tashi ya ɗauke buhun, ya matse shi a waje, ya shanya.

Da yammar ranar ya zo rumfata. Bai zauna ba.

“Baba Zayyadu, ka faɗa masa kuwa?”

“Na faɗa masa, Sidi. Na karanta masa layi biyun duka.”

“Har abin da na ce?”

Na yi kamar ina neman wani ƙusa a cikin gwangwani. Ya jira ni kaɗan, ya ce, “Ba komai, Baba.” Ya tafi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Duk da haka kullum yana buɗe shagon. Ya share, ya goge tebur, ya zauna yana kallon titi. Wata uku a haka. Ɗan ƙanen uwar tasa ya dawo gari, aka fara ganinsu tare. Dassin ta daina cin abinci sosai.

Abin da ya juya Hamadi ban san shi duka ba. Na dai san wata rana ya zauna shi kaɗai a bayan wasu samari biyu da suka shigo don gudun rana, ya kalli wasa ɗaya daga farko har ƙarshe. Bai taɓa yin haka ba, da can kujeru kawai yake kallo. Ya ga yadda suke danna abu ba ya amsawa, ya ga ɗaya ya ajiye manet ya yi tsaki. Direba ne, ya san abin da ake nufi da ka murza sitiyari mota ta ƙi bi. Ya fito ya same ni.

“Malam Zayyadu, rubuta mini na dama a takarda. Duka. Kar ka rage ko ɗaya.”

Na rubuta. Sai a lokacin na faɗa masa maganar Sidi, wata huɗu bayan an ba ni ita. Ya ce, “Da ka faɗa.” Na ce da na faɗa ma ba zai ji ba. Ya ce, “Haka ne. Amma da ka faɗa.”

Dassin ta ba da awarwaronta na azurfa da ta gada, shi ya haɗa da abin da ya rage da gawar na'urori biyun nan. Zai bi konbuwa zuwa Agadas, a matsayin fasinja, mutumin da ya yi rabin ransa a bayan sitiyari. Kafin ya tafi ya ja mini kunne.

“Kar ka gaya wa yaro. In na je ban samu ba, kunya biyu ke nan. Bari ya gani da ido.”

Na ce, “Haba Hamadi, ai wannan ce maganar da ya kamata ya ji.”

“Kwana huɗu ne. Ka riƙe bakinka kwana huɗu.”

Na riƙe. Ga shi dai an taɓa cin amana ta hanyar shiru, sai na sake yin shirun, wai yanzu riƙon amana nake. Sidi ya ɗauka ubansa ya tafi neman aikin tuƙi ne, wato ya fid da rai da shagon.

Kwana huɗu suka zama goma sha uku. An sami wata matsala a hanya, soja suka tsayar da ayari a Agadas, babu shiga babu fita, layin waya kuma yau akwai gobe babu. A rana ta tara, da hantsi, Sidi ya zo rumfata sanye da takalman nan. Ya miƙo mini makullin shago.

“Ka ajiye wa Baba. Zan je Gugaram duba awakin Inna.”

Na san babu wasu awaki. Na ce masa ya zauna, na fasa alƙawarin, na faɗa masa komai. Na ce ubansa yana can ya tafi sayo ta layin dama, har da takarda a aljihu, da hannuna na rubuta.

Ya tsaya. Na ga maganar ta shige shi, wallahi na gani. Ya ce, “Da gaske?” Na rantse masa. Ya dubi bakin titi, inda wata mota ke tsaye injinta na aiki. Ya ce, “Baba Zayyadu, na riga na yi musu alƙawari. Shekaranjiya na yi. In da a makon jiya ne.” Ya ajiye makullin a kan rediyon da nake gyara. Na riƙe masa riga, ni da furfurata, a gaban mutane. Ya cire hannuna a hankali, yadda ake yi wa babba, ya ce in yafe masa.

Hamadi ya iso rana ta goma sha uku da azahar. Waɗanda suka zo tare sun ce tun daga Agadas kwalin sabuwar kwamfutar yana kan cinyarsa, ya naɗe shi da bargo, bai yarda an sa shi cikin kaya ba. Bai biya gida ba, kai tsaye shago ya nufa. Ya tarar da ƙofa a kulle, ni kuma ina tsaye da makulli. Ya dubi makullin.

Ya ce, “Buɗe. Haɗa shi.”

Na haɗa. Na saka faifan. Ban rage komai ba, na bar saitin a sama. Fili ya fito kore shar, 'yan kallo cike da tutoci, kowane ɗan wasa da inuwarsa tana bin sa. Na buga kaɗan don gwaji. Ƙwallo ta tafi sumul, abin da ka danna shi ake yi nan take. Zafin azahar ne, ko gezau ba ta yi ba.

“Haka yake so?”

“Haka yake so.”

Ya karɓi manet ɗin daga hannuna, ya jujjuya shi. Bai san inda ake dannawa ba. 'Yan wasa suka tsaya cirko-cirko a fili suna jira. Ya daɗe a haka, sannan ya ja rawani ya rufe fuskarsa duka, ni kuma na fita na ba shi wuri.

Shagon ya yi kasuwa, kar in ɓoye. Samari suka dawo, aka yi gasar unguwanni yadda Sidi ya tsara, sunan Konbuwa dai bai fita ba. Hamadi ne ke zama a ƙofa, tsoho da rawani a shagon wasan yara, bai taɓa koyon bugawa ba. Aka yi sulhu, mutane suka sauko daga dutse. Duk motar da ta shigo gari yana bakin tasha. Sidi bai sauko ba. Wani ya ce ya gan shi a Libiya, wani ya ce a'a, ba shi ba ne. Ɗan ƙanen Dassin ya dawo, ya ce sun rabu tun watan farko, bai san komai ba, kuma ba ya iya haɗa ido da ita. Ba gawa, ba wasiƙa. Ba a yi zaman makoki ba, ba a kuma daina jira ba.

Shekaru suka tafi. Wayoyin hannu suka cika gari, kowa da wasansa a tafin hannu, shagon ya koma shiru. Aka rufe ramin ma'adinai na Akokan, rabin unguwarmu ya kwashe. Na sha ce masa ya saki shagon nan ya huta. Amma kullum da safe zai buɗe, ya kunna na'urar, ya hure mata ƙura, ya kashe.

Bara, da sanyi, wani ɗan kasuwa ya kawo masa kwalin sabon wasan ƙwallo, wai ko zai saya. Hamadi ya kawo mini rumfa, yana dogara sanda. Na sa tabarau na duba bayan kwalin, na yi dariyar da ba ta daɗi.

Na ce, “Hamadi, taka ta tsufa. Wadda ka ɗauko a cinya yanzu ko layin hagu ba ta kai ba. Ko rabin rabinsa. Wannan ba zai ma buɗe ba.”

Ya zauna a bencin nan da ƙyar. Ya laluba aljihu ya fito da guntun fensir da bayan kwalin shayi, ya ajiye a gabana.

“Rubuta mini na dama.”

“Don Allah ka bari. Wa zai buga? Da me za ka saya? Hamadi, shekara nawa yanzu?”

“Malam Zayyadu, rubuta. In ya zo, kar ya tarar da mu a hagu.”

Na so in yi masa faɗa, faɗan ya ƙi fitowa. Na gyara tabarau, na jawo takardar, na rubuta masa duka.